Gangar Kawu: Wata Takwas Ana Neman Kayan Gyaran Tsohuwar Siniya

## Asalin gangar

Mai wannan lamari malamin firamare ne a Kaduna, ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ke kaɗa wa wata ƙungiyar mawaƙa ganga a wuraren biki duk ƙarshen mako. A watan Maris, da aka zo rabon kayan kawunsa da ya rasu, sai aka ciro wani buhu daga bayan randa a ɗakin ajiya. Babu wanda ya ja da shi a kan abin da ke ciki. Kowa ya san marigayin ya yi kiɗa a otal-otal na garin a shekarun 1970 kafin ya koma tuƙin babbar mota, kuma a duk dangin mutum ɗaya ne ya gado shi.

Abin da ke cikin buhun ita ce gangar da makaɗan zamani ke kira siniya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin soja ko na 'yan sanda ya san muryarta, ita ce mai kaifin nan a cikin badujala. Sirrin muryar yana ƙasanta. Wasu siraran wayoyi ne murɗaɗɗu da aka shimfiɗa a jikin fatar ƙasa, in an bugi ta sama sai su yi tsalle su dawo su mari fatar. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin makaɗan gargajiya sun daɗe suna ɗaura wa ganga da kotso igiyar da suke kira zaga don wannan aikin, don haka zaga zan riƙa kiran wayoyin.

A jikin gangar akwai ɗan tambari mai launin shuɗi da kore, an rubuta Ludwig. A lokacin iyakar abin da malamin ya sani ke nan game da ita. Nufinsa ya gyara ta ya riƙa kaɗawa, bai yi tunanin sayarwa ba, kuma ya ɗibar wa kansa mako biyu.

## Maris: halin da aka same ta

Faɗinta inci 14, zurfinta inci 5. Kangon, wato jikin gangar, na ƙarfe ne mai ƙyalli, amma ƙyallin ya yi ƙuraje ko'ina kamar jikin wanda ya tashi daga ƙyanda, wasu wuraren har sun fara ɓarewa. Kusa da bakin sama akwai lotsawa kamar girman babban yatsa.

Kewaye da kangon akwai kunnuwa 10, wato gidajen da notuna ke shiga. Kowane kunne yana karɓar noti ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa, saboda haka cikakkiyar ganga tana bukatar noti 20. Notunan ne ke jan kirinyar ƙarfe, ita kuma ta danne fata ta ɗaure ta. A cikin kowane kunne akwai 'yan ƙwayoyi biyu masu tiredi, wato haƙoran da noti ke kamawa, da sifirin a tsakani yana tokare su. Da ya ƙirga sai ya sami notunan asali 13, masu kai mai kusurwa huɗu da ake murɗawa da makullin ganga. Huɗu kuwa notunan kasuwa ne da wani ya cusa tun da daɗewa, uku babu su sam. Kunne ɗaya ya tsage a daidai inda sukuru ke riƙe shi ta ciki.

Makunnin zaga, wato ƙarfen da ke gefe mai hannu wanda ke manna zagar da fata ko ya sauke ta, ya karye, an ɗaure shi da waya. Zagar kanta saura wayoyi shida. Fatun biyu duk sun yage. Kirinyar ƙasa lafiya lau take in ban da tsatsa, ta sama kuwa ta ɗan tanƙware a inda sanda ta fi duka.

## Afrilu: wanki

Ya fara da abin da ke hannu, soson ƙarfe da garin sabulu. Cikin minti goma ya karce wuri kamar faɗin tafin hannu. Ƙurajen sun faffashe sun bar toka-toka, ƙyallin da ke kewaye da su kuma ya yi zane-zane. Sai ya dakata.

Wani maƙwabci ya ba shi shawara ya jiƙa kangon a ruwan soda ya kwana. Mahaifiyarsa, wadda ta yi shekaru tana haɗa sabulu, ita ta hana. Ta ɗaga kangon ta ji ba nauyi, ta ce, “Ɗan nan, wannan ai irin ƙarfen tukunyar goran ruwa ne. In ka sa masa soda, gobe sai dai ka kwashi ruɓaɓɓe.” Ya ɗauko maganaɗisu daga tsohuwar sifika ya gwada. Ya kama kirinya, ya kama notuna, ya ƙi kama kango. Rashin nauyi da ƙin maganaɗisu suka tabbatar da maganarta: alminiyam ne aka yi wa rufin kurom, wato ƙarfen nan mai ƙyalli, kuma soda tana cin alminiyam.

Wannan ya bayyana ƙurajen. Kurom ba ya kama jikin alminiyam da ƙarfi kamar yadda yake kama tagulla. Danshi yakan bi ta wasu ƙananan kafofi ya shiga ƙarƙashi, alminiyam ɗin ya ci ya kumbura, ya ɗago rufin. Gangar da ta yi shekaru a bayan randa kuwa ba ta rasa danshi ba. Ba datti ba ne balle a wanke, kuma ba ya taɓa sautin.

Daga nan ya sauya salo. Kango ya samu ruwan sabulu da tsumma mai laushi kawai. Notuna da ƙwayoyi da sifirin suka yi kwana biyu a kananzir, aka bi su da tsohon buroshin haƙori. Kirinyoyin ya goge su da dunƙulalliyar takardar alminiyam da ruwa, tsatsar sama ta fita ba tare da ƙarce ba. Kowane kunne ya sa shi a leda daban da sukurorinsa, ya rubuta lamba daga 1 zuwa 10.

## Afrilu zuwa Mayu: neman noti

Ya ɗauki notin asali ɗaya ya shiga layin masu sayar da kayan mota da babur. Duk inda ya je iri biyu ake miƙo masa, mai kaurin milimita 5 da mai kaurin milimita 6. A ido kowannensu kamar zai yi. Na biyar ɗin yana shiga salin-alin, har ya yi kamar ya kama, amma da an fara ɗaure fata sai ya zame ya yi tsalle. Na shidan kuwa zagaye ɗaya yake yi ya cije.

Wani bakanike ya ce masa, “Malam, wannan ai ba matsala ba ce. Kawo in buɗe mata sabon tiredi.” Ya buɗe ƙwayoyi biyu zuwa milimita 6, notunan suka kama da kyau. Sai da malamin ya koma gida ya gane abin da ya saya. Notunan suna da kai mai kusurwa shida, ba sa jin makullin ganga, sai sifana mai lamba 10. Ke nan duk sanda zai gyara sauti a wurin biki sai ya riƙe makulli a hannu ɗaya sifana a ɗaya. Ban da haka, ƙwayoyin biyu sun daina riƙe notin asali har abada. Bai mayar da sauran ba.

A wani shagon kayan kiɗa ya samu notunan ganga na gaske, kuma tiredinsu ya shiga daidai. Matsalarsu tsawo. An yi su ne don gangunan da suka fi zurfi, sun haura inci biyu da rabi, na asalin kuwa ba su kai inci biyu ba. A kunnen da ke karɓar noti ta fuska biyu wuri kaɗan ne a ciki, don haka dogon noti yakan je ya tokari sifirin tun fata ba ta ɗauru ba. Ya sa zarto ya rage uku, bakin tiredin ya dagule, biyu suka ƙi shiga.

## Mayu: kunnen da ya narke

Wannan ita ce asara mafi girma a duk aikin. Ya kai tsagaggen kunnen wurin mai walda, shi kuma ya duba ya ga farin ƙarfe mai nauyi, ya kunna wutar gas ya ɗauko sandar tagulla. Kafin sandar ta yi ja kunnen ya zube kamar kitse a kasko.

Irin waɗannan kunnuwa ba da baƙin ƙarfe ake yin su ba. Gaurayen zinki ne ake narkarwa a zuba a mazubi, sannan a rufe da kurom. Yana narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba, alhali liƙi da tagulla yana bukatar kusan digiri 900. Sa'ar da aka yi ita ce kunnen ba ya jikin kango a lokacin, domin shi ma alminiyam digiri 660 ya ishe shi.

Tsagaggen kunne yana iya riƙe noti na ɗan lokaci in an cika tsagar da gam mai ƙarfi, kuma ko ba komai samfur ne da za a nuna wa mai sayarwa. Narkakke ba ya ɗaya daga cikin biyun. Malamin da kansa ya ce ya yi gyaran gangar Auzinawa, ya mayar da komai cikin buhu, bai sake taɓawa ba har mako uku.

## Yuni da Yuli: makunni na aro da fatar akuya

Da ya dawo kan aikin ya sayi sabon makunni mai araha. Ramukan sukurorinsa ba su zo daidai da na kangon ba, bambancin bai fi 'yan milimitoci ba. Wani kafinta abokinsa ya kawo injin huji, har an ɗiga alama da biro. Malamin ya tuna da kunnen, ya ce a bari. A maimakon haka ya sa maƙeri ya yanka masa ɗan falalen ƙarfe mai ramuka huɗu, biyu suna kama tsofaffin ramukan kango, biyu suna riƙe sabon makunnin. Dabarar ta yi aiki rabi da rabi. Makunnin ya tsaya, amma ya turo waje, igiyar zaga tana ja a karkace, zagar ba ta kwanciya sosai a gefen.

Fata kuma sai ya bi hanyar gida. Ya kai kirinya da zoben tsohuwar fatar wurin wani dattijo mai ɗaurin kalangu da ganga, wanda ya jiƙa fatar akuya ya naɗe ta a zoben da gwaninta irin ta wanda ya yi shekara arba'in yana yi. Ba wauta ba ce. Har tsakiyar shekarun 1950 fatar maraƙi ce a kan irin waɗannan ganguna a Amurka da Turai, kafin Chick Evans da Remo Belli su fito da ta roba a 1956 da 1957. Na ji gangar da wannan fatar da rana tsaka, muryarta tana da zaƙi da kauri irin wanda roba ba ta bayarwa, kuma har yau ina ganin dattijon ya yi aiki mai kyau.

Damina ce ta kayar da ita. A wani biki a watan Yuli an yi ruwa da la'asar, kafin isha fatar ta sha danshi ta saki. Makaɗin kalangu yana matsa tsarkiya da hammata ya dawo da sautinsa, mai gangar gargajiya yana kai ta kusa da wuta. Mai siniya a tsakiyar waƙa ba shi da ko ɗaya, sai murɗa notuna, gangar kuma kunnuwa tara ke gare ta, biyu daga cikin notunan na sifana. Wajen da babu kunne fatar ta yi tattara.

A ƙasa kuwa ya sa fatar roba mai kauri, don ita kaɗai ya samu a shago. In ya buga da ƙarfi zaga ta amsa, in ya taɓa a hankali sai shiru. A wannan dare ya ajiye ta ya ari gangar wani.

## Agusta: awo

Wani abokin aikinsa ne ya haɗa shi da wani tsohon fita, wato mai haɗa injuna da gyaransu, da ya yi ritaya daga reluwe, mutumin da ya koyi aiki tun ana awo da inci. Malamin ya juye masa ledojin a kan tabarma ya ce, “Baba, noti nake nema irin wannan, na gaji da yawo.” Tsohon bai ce komai ba sai da ya ɗauko ma'aunin kauri da wani abu mai ganyayyaki kamar wuƙar aljihu, kowane ganye da haƙoransa. Ya riƙa ɗora ganyayen a kan notin ɗaya bayan ɗaya har wani ya zauna daram. Ya ce, “Yaro, ba na mita ba ne. Haƙori 24 ne a inci ɗaya.”

Kaurin ya fito kusan milimita 5.5. Wannan shi ne tiredin Amurka da ake kira 12-24, kuma da shi aka warware wata biyu na wahala. Noti mai milimita 5 ya gaza da rabin milimita, tazarar haƙoransa kuma 0.8 ce, shi ya sa yake zamewa. Mai milimita 6 ya ɗara da rabin milimita, tazararsa 1 ce cif, ta asalin kuwa ta ɗan haura 1, shi ya sa yake cijewa. Tsohon ya kuma nuna masa yadda ake rage noti: a fara murɗa masa ƙwaya, a yanke, a goge bakin da magagari, sannan a warware ƙwayar ta fito ta gyara haƙoran da zarto ya ɓata.

Sun yi yini suna awo, malamin yana rubutawa a littafin darasi. Tsakanin ramukan makunni inci biyu da rabi ne, daga tsakiya zuwa tsakiya. Sun auna tazarar ramukan kunne ma haka. Sun auna faɗin kangon sau biyar, daga kowane kunne zuwa wanda ke fuskantarsa, bambancin bai wuce milimita 2 ba sai a wurin lotsawar, inda ya kai 4.

Sai gwajin gilashi. Suka kifa kangon a kan gilashin tebur, suka sa tocila a ciki, suka rufe sama da kwali. Bakin sama ya zauna, haske bai fita ba sai a wurin lotsawar. Bakin ƙasa kuwa ya fitar da haske a wurare biyu masu faɗi. Tun a watan Mayu wani ya taɓa cewa bakin ya cinye, a goge shi da magagari ya daidaita. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce lalacewa ba ta zuwa biyu iri ɗaya, ɗaya tana kallon ɗaya, a daidai inda zaga ke wucewa. Gaskiyarsa. Makwancin zaga ne, da gangan ake ɗan kwarɓa bakin a nan don fatar ta lanƙwaso kaɗan wayoyin su kwanta a jikinta tun daga wannan gefe har wancan. Da an goge shi, da babu fata ko makunnin da zai sake sa gangar ta yi magana daidai.

Da awon a hannu malamin ya shiga intanet, ya riƙa gwada hotuna da abin da ke gabansa. Gangar ita ce Supraphonic mai lamba 400. Kamfanin, 'yan'uwa biyu William da Theobald Ludwig ne suka kafa shi a Chicago a 1909, kuma kasuwarsa ta buɗe sosai bayan Fabrairun 1964, sanda Amurkawa suka ga sunan a jikin gangar Ringo Starr na ƙungiyar Beatles a talabijin. Tambarin shuɗi da kore ya fara ne a 1969, da kusurwoyi masu tsini, sai wajen ƙarshen shekarun 1970 aka daddaƙe tsinin. Na gangar kawu mai tsini ne, wanda ya yi daidai da lokacin da marigayin ke kiɗa. Abin da ya fi amfani shi ne sunayen kayan. Kunnen sunansa Imperial, makunnin P-85. Ya kuma gano cewa fatar sama da aka saba sawa kaurinta kashi 10 ne cikin dubu na inci, ta ƙasa kuwa kashi 3 kacal. Wadda ya sa a ƙasa a watan Yuli ta sama ce, ta ninka abin da ake bukata fiye da sau uku.

## Satumba da Oktoba: inda kayan suka fito

Akwai masu sayar da tsofaffin kayan ganga a shafuka irin su eBay da Reverb, amma da ya haɗa lissafi sai ya ga kuɗin aiko da kaya ya fi kuɗin kayan, wasu masu sayarwar ma ba sa aikowa Nijeriya. Sai ya raba bukatunsa biyu, waɗanda dole sai daga waje, da waɗanda wata matacciyar ganga za ta iya bayarwa.

Wannan kamfani yana da wata siniyar mai araha da ya yi wa ɗalibai tun shekarun 1960, sunanta Acrolite. Ita ma kangon alminiyam ne mai faɗin inci 14, amma ba kurom, kuma kunnuwanta 8 ne masu wata siffa daban. Kunnenta ba zai yi ba, kirinyarta mai rami 8 ma ba za ta yi ba. Amma makunni da mariƙin zaga na ɗaya gefen da notuna duk iri ɗaya ne da na babbar yayarta, kuma an yi ta da yawa ƙwarai. Ya aika wa wani abokinsa mai sauti a Legas hoto da awo, ya ce in ya shiga kasuwar Alaba ko wurin masu kayan gwanjo ya duba masa wadda ta mutu. Bayan mako biyar aka samu ɗaya da wani abu mai nauyi ya faɗo wa, kangon ya lotse har ba ya gyaruwa. Kafin a biya, malamin ya sa abokin ya ɗora rula a kan ramukan makunnin ya ɗauki hoto. Inci biyu da rabi. Daga cikinta ya samu makunni mai rai, da notuna 16 da ya zaɓi 7 a ciki, da ƙwayoyin da suka maye gurbin biyun da aka buɗe.

Kunnen kaɗai ne ya zo daga Amurka. Ya zaɓi tsoho maimakon sabo, don ƙyallin sabo zai fita daban a cikin 'yan'uwansa tara, ya kuma sa mai sayarwa ya auna masa tazarar ramuka kafin a tura kuɗi. Wani ɗan unguwarsu da ke karatu can ne ya saho shi a aljihun jaka a ƙarshen Oktoba. Fatu biyu, mai kauri da siririya, da zaga mai waya 20, daga Legas suka zo tare da sauran kayan.

## Nuwamba: haɗawa

Lotsawar aka fara da ita. Tsohon fitan ya sa aka sassaƙa katako daidai da lanƙwasar kangon, aka shimfiɗa tsumma, aka riƙa bugun ciki a hankali da gudumar katako, ana bugu ana mayarwa kan gilashi. Bayan kusan awa ɗaya bambancin milimita 4 ya koma 2, suka tsaya a nan, domin kurom ɗin wurin ya fara nuna alamar tsagewa.

Kowane kunne ya koma gurbinsa na da. An naɗe sifirin ɗin da ɗan auduga don kada ya yi ƙara a ciki, an ɗiga wa kowane noti ɗan giris. Sukurorin kunne da hannu kawai aka ɗaure su, da sun kama a tsaya, saboda yawan matsawa ne ke tsaga zinki.

Akwai kuskure ɗaya na ƙarshe. Ya sayi sabuwar kirinya mai kaurin milimita 2.3 don ta maye tanƙwararriyar. Ta hau, amma ramukan notunanta sun fi na tsohuwar turowa waje, sai notunan suka riƙa shiga a karkace suna cijewa. Ya cire ta, ya miƙar da tsohuwar a tsakanin katako biyu har ta zauna a kan gilashi, ya mayar.

Ɗauri ya yi shi ne da tsallake, in ya murɗa wannan rabin zagaye sai ya haye na gabansa, yana ƙwanƙwasa fatar kusa da kowane kunne har sautin ya zo ɗaya. Ta ƙasa ya ɗaure ta fiye da ta sama. A gwajin farko zagar ta riƙa zizar da ba ta yankewa. Da ya kifa gangar sai ya ga ta gusa gefe ɗaya, ƙarfen bakinta yana hawa kan leɓen kango. Ya sassauta igiya, ya daidaita tazarar gefe da gefe da rula, ya sake ɗaurewa da makunnin a sama. Zizar ta tsaya. Ya taɓa fatar da ɗan yatsa kawai, zagar ta amsa.

Asabar ta biyu a cikin watan ya kai ta biki. Awa huɗu ana kiɗa, sau ɗaya ya taɓa makulli, a notuna biyun da ke kusa da inda sandarsa ke dukan kirinya.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

In aka jera asarorin, uku ne ba su gyaru ba: karcewar soso, ƙwayoyi biyu da aka buɗe, da kunnen da ya narke. Dukansu sun faru ne kafin a san ko da wane ƙarfe aka yi abin da ake taɓawa, ko da wane ma'auni aka ƙera shi. Ban ga laifin bakaniken ko mai waldan ba sosai. Kowannensu ya yi abin da ke aiki a kan mota da ƙofa, kuma ba wanda ya gaya musu wannan zinki ne ko wancan tiredin inci ne, tun da mai kayan ma bai sani ba. Nauyin sanin yana kan wanda ya kawo aikin.

Falalen ƙarfen makunni da fatar akuya ban sa su a layin asara ba, duk da cewa ba su ɗore ba. An cire su, ganga ta koma yadda take. Ƙin hujin nan na watan Yuni kuwa, a ganina, shi ne hukunci mafi kyau da malamin ya yanke shi kaɗai, domin makunnin da ya zo a Oktoba ya tarar da ramukansa biyu suna jiransa.

Yinin da aka yi a kan tabarmar tsohon fitan bai ƙara wa gangar ko noti ɗaya ba, amma daga ranar sau ɗaya kawai aka sayi abin da bai yi ba, ita ce sabuwar kirinya, kuma ita kaɗai ce aka saya ba tare da an auna ba. Da tun a watan Maris aka fara da maganaɗisu da ma'auni da neman sunan gangar, ina jin aikin ba zai wuce wata uku ba, mafi yawansa jiran kaya.

Batun sake rufin kurom an tattauna shi an ajiye. Sai an fara cire tsohon da sinadari, aikin rufa wa alminiyam kurom na ƙwararru ne, kuma kuɗin zai iya fin darajar gangar, alhali kunne ba zai ji bambanci ba. Na goyi bayan barin ta da ƙurajenta. Malamin yana goge ta da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa, yana ajiye ta a saman kabad nesa da ƙasa, kuma in ya ɗora ta a kan ƙafarta yakan juya wurin da ya karce ya fuskanci gwiwarsa. Kirinyar sama ta fara komawa tanƙwararta, don haka ya sake aika wa abokinsa na Legas awo: inci 14, rami 10, siririya irin ta da. Fatar akuyar tana rataye a ɗaki, ya ce zai sake ɗora ta a watan Janairu, in hunturu ya busar da iska.